Kotu Ta Raba Gardamar Bakassi, Wa Zai Karɓe Bindigogin Tuboro?

Tuboro gari ne na auduga da masara da shanu, a can gefen gabas na lardin Arewacin Kamaru, cikin gundumar Mayo-Rey, ƙasar Lamidon Rai Buba. Titin kwalta da ya taso daga Ngaundare ya ratsa ta cikinsa ya wuce Mundu a kudancin Cadi. Wanda ya karkata kudu maso gabas kuma, ba zai yi nisa ba zai iske kasuwar Mbaibum a bakin kogin Mbere, inda tsallaken gada ƙasar Afirka ta Tsakiya ce. Ƙasashe uku ke nan a wuri ɗaya. A ƙarƙashin ƙasa akwai bututun man fetur mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya taso daga rijiyoyin Doba a Cadi ya nufi Kribi a bakin teku. An buɗe shi a 2003, kuma ɗaya daga cikin tashoshin da ke tura man gaba tana Dompta, a ƙasar Tuboro.

A kan wannan bututu ne ran hukumomin Cadi ya ɓaci a watan Afrilun 2023. Kamfanin mai na gwamnatin Kamaru, SNH, ya ƙulla cinikin sayen kashi 10 cikin 100 na hannun jarin COTCO, kamfanin da ke kula da ɓangaren bututun na Kamaru, daga hannun wani kamfanin Ingila mai suna Savannah Energy. To, a daidai lokacin Cadi tana tsakiyar rigima da wannan kamfani, har ta ƙwace kadarorin da yake cewa nasa ne a ƙasarta ta mayar da su na gwamnati. Ranar 20 ga Afrilu, Njamena ta kira jakadanta da ke Yawunde ya koma gida. Kafin mako ya zagayo Shugaba Paul Biya ya tura babban sakataren fadarsa, Ferdinand Ngoh Ngoh, ya je ya gana da shugaban Cadi, Mahamat Idriss Déby. A watan Yuni SNH ta jingine cinikin, ƙura ta lafa. Ba a kai ga rufe iyaka ba, balle jibge soja a kanta.

Wannan ɗabi'a ta daɗe a jinin mahukuntan Yawunde. In saɓani ya taso da maƙwabciya, sai a tura manzo, in manzo bai wadatar ba a kafa kwamiti, in kwamiti ya kasa a ɗauki takardu a nufi kotu. Gabatarwar kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ta ambaci zaman lafiya da zumunci da sauran ƙasashe bisa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashe na 33 na kundin Majalisar ya jera hanyoyin: tattaunawa, bincike, shiga tsakani, sulhu, alƙalancin sasanci, kotu, da ƙungiyoyin yanki. Najeriya ma ta rubuta kusan irin wannan jeri a sashe na 19 na kundinta na 1999. Rubutawa kam kowa ya rubuta. Ranar da aka taɓa wa ƙasa abin da take ganin nata ne, a nan ake gane wanda ya rubuta da gaske.

An fara taɓa wa Kamaru nata tun tana jaririyar ƙasa. A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi a yankunan Kamaru da Ingila ke riƙe da su amana. Kudu ta zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. Arewa kuwa, wato su Mubi da Ganye da Gembu da Bama, kusan kashi 60 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka zaɓi Najeriya, daga baya aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna. Abin ya yi wa Shugaba Ahmadu Ahijo ciwo ƙwarai. Ɗan Garwa ne, kuma mutanen da suka juya masa baya 'yan uwan jini ne ga na Garwa da Marwa, Fulaninsu da Hausawansu da sauran ƙabilunsu. Ya ayyana 1 ga Yuni, ranar da yankin ya shiga Najeriya, a matsayin ranar makoki. Amma da ya tashi ramuwa, ƙarar Ingila ya kai Kotun Duniya da ke birnin Heg, yana cewa yadda ta gudanar da amanar ne ya karkatar da ƙuri'ar. Ranar 2 ga Disamban 1963 kotu ta ce ba za ta yanke hukunci a kan gundarin maganar ba, tunda Majalisa ta riga ta kawo ƙarshen amanar, hukuncin ba zai canja komai ba. Ahijo ya haɗiye. Shekara ta gaba, a taron Alƙahira na 1964, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince kowace ƙasa ta mutunta iyakokin da ta gada ranar samun 'yanci. Bayan shekara talatin, da wannan ƙa'ida Kamaru ta koma kotun da ta taɓa sallamar ta hannu rabbana.

Bakassi tsibiri ne na faɗama da itatuwan bakin teku, mazaunansa akasari masunta ne 'yan Najeriya, ruwansa da kifi, ana kuma kyautata zaton mai a ƙarƙashinsa. Janar Yakubu Gowon da Ahijo sun sa hannu a kan sanarwar Yawunde ta 1971 da ta Marwa ta 1 ga Yunin 1975 don shata iyakar ruwa. Bai cika wata biyu da sa hannun Marwa ba aka kifar da Gowon, waɗanda suka gaje shi suka ce ba su san zancen ba. Ranar 16 ga Mayun 1981 aka kashe sojojin Najeriya biyar a wata arangama a ruwan yankin. Jaridu da 'yan siyasa suka taso wa Shugaba Shehu Shagari da kiran a mayar da martani. Shagari ya nuna fushinsa da ƙaurace wa taron ƙungiyar Afirka na Nairobi, amma bai ba da umarnin yaƙi ba. Kamaru ta nemi gafara ta biya diyya. Ana yawan mantawa da wannan, alhali da shugabannin biyu sun biye wa masu zuga, da labarin ya sha bamban.

A Disamban 1993, zamanin Janar Sani Abaca, sojojin Najeriya suka shiga Bakassi, aka yi ta musayar wuta. Ranar 29 ga Maris 1994 Kamaru ta shigar da ƙara a Kotun Duniya, a watan Yuni ta faɗaɗa ƙarar ta roƙi kotu ta fayyace iyakar gaba ɗaya, daga Tafkin Cadi har teku, tsawon kusan kilomita 2,000. Ta nan shari'ar ta shigo arewa, ta shafi Hausawa kai tsaye.

Dalili kuwa Darak, wani gari a yankin tafkin. Da fari ya ci Tafkin Cadi a shekarun 1970 da 1980, ruwa ya yi ta ja da baya, masunta suka yi ta bin sa, Hausawa da Kanuri da wasunsu. Inda ruwa ya janye sai a kafa bukka, bukka ta zama ƙauye, ƙauye ya samu kasuwar kifi. Ba wanda ya tsaya tambayar inda Turawa suka ja layi a takarda, don lokacin da aka ja shi wurin ruwa ne tsundum. Hukumomin Borno suka bi mutanensu da makaranta da asibiti da 'yan sanda da mai karɓar haraji. A gaban kotu lauyoyin Najeriya suka ce wannan gudanarwa ta shekara da shekaru hujja ce ta mallaka. Lauyoyin Kamaru suka fito da tsoffin takardu: yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913 game da Bakassi, sanarwar Milner da Simon ta 1919, da wasiƙun da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931 game da arewa.

Ranar 10 ga Oktoban 2002, bayan shekara takwas ana fafatawa, kotu ta ce inda akwai takardar mallaka, zama da gudanarwa ba sa rusa ta. Bakassi na Kamaru ne, yankin Darak na Kamaru ne. A tsakiyar iyakar kuwa, inda aka yi ta saɓani kan wane rafi ko wane dutse Turawa suke nufi, kotu ta bi wuraren ɗaya bayan ɗaya, wasu ta ba Kamaru gaskiya, wasu ta ba Najeriya. Masu cewa Gowon ne ya yi kyauta da Bakassi don saka wa Ahijo goyon bayan da ya ba Najeriya a yaƙin basasa ba su karanta hukuncin ba: a kan takardar 1913 kotu ta tsaya game da tsibirin, sanarwar Yawunde da ta Marwa kuwa a kan iyakar ruwa ta yi aiki da su.

Najeriya ba ta karɓi hukuncin da fara'a ba. Sanarwar farko da gwamnati ta fitar cike take da ƙorafi, har da nuni da cewa shugaban kotun, Gilbert Guillaume, Bafaranshe ne, kuma akwai alƙalan Ingila da Jamus a zaman, wato ƙasashen da suka ja layukan tun farko. Kotun Duniya kuma ba ta da ɗan sanda ko dogari da za ta aika ya fitar da kowa. A wannan shekara ta 2002 wata hukumar shari'a ta ba Eritiriya garin Badme, bayan yaƙin da ya ci dubun dubatar rayuka tsakaninta da Habasha daga 1998 zuwa 2000, amma Habasha ta ƙi ɗagawa, ba ta ce ta amince da hukuncin ba tare da sharaɗi ba sai a 2018. Bakassi na iya bin wannan hanya.

Abin da ya hana shi ne aikin da aka yi kafin hukunci da bayansa. Tun ranar 5 ga Satumban 2002 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya haɗa Biya da Olusegun Obasanjo a Paris ya karɓi alƙawarinsu a kan abin da kotu za ta faɗa. Ranar 15 ga Nuwamba ya sake haɗa su a Janeba, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu ƙarƙashin wakilin Majalisa, Ahmedou Ould-Abdallah ɗan Muritaniya. Ahmadu Ali, ɗan Kolofata, ya jagoranci tawagar Kamaru, Bola Ajibola ya jagoranci ta Najeriya. Da dabara suka fara da mai sauƙi. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30 na yankin tafki. A Yulin 2004 aka yi musaya: Narki ya koma Kamaru, Burha-Wango da Ndabakura suka koma Najeriya. Da kowane ɓangare ya ga ɗayan yana cika alƙawari, sai aka tunkari mai wuyar. Ranar 12 ga Yunin 2006 shugabannin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree kusa da New York, Amurka da Ingila da Faransa da Jamus suna shaida. Sojojin Najeriya suka fita a watan Agusta. Majalisar Dattawan Najeriya ta yi tirjiya a 2007, ta ce ba a kawo mata yarjejeniyar ba, duk da haka gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta kammala miƙa tsibirin a Kalaba ranar 14 ga Agustan 2008. A Oktoban 2012, da wa'adin shekara goma na neman sake duba hukunci ya zo ƙarewa, gwamnatin Goodluck Jonathan ta ce ba za ta nema ba.

Wannan sulhu ya ci wasu. Dubban mutanen Bakassi da suka zaɓi komawa Jihar Kuros Riba sun yi shekaru suna kukan matsuguni, waɗanda suka zauna kuma suna kukan haraji da jandarma. Masuntan Darak sun wayi gari baƙi a garin da suka sare dajinsa. Duk da haka ƙasar da ta fi ƙarfin soja nesa ba kusa ba ta janye daga ƙasar da take riƙe da ita saboda alƙalai sun ce ta janye, kuma irin wannan ba kasafai ake ganinsa a duniya ba. Cadi ma ta ɗanɗana irinsa: a Fabrairun 1994 kotun ta ba ta Zirin Awuzu, sojojin Libiya suka fita a ƙarshen watan Mayu. Har yau akwai abubuwan da ba a gama ba tsakanin Yawunde da Abuja. Madatsar ruwa ta Lagdo a kan Binuwai, kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982, duk lokacin da aka buɗe ƙofofinta da damina sai hankalin mutanen Yola da Makurɗi da Lakwaja ya tashi, kuma madatsar Dasin Hausa da aka ce Najeriya za ta gina don tare ruwan har yanzu ba ta tabbata ba. Amma da wasiƙar gargaɗi da zaman injiniyoyi ake tafiyar da maganar. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, bakin kuma ɗaya ne.

Bayan hukunci sai kafa ginshiƙan kankare a kan layin, kusan 2,700 aka tsara. Ranar 31 ga Janairun 2017, wasu 'yan bindiga suka auka wa tawagar masu wannan aiki a kusa da Koncha, a lardin Adamawan Kamaru, suka kashe mutum biyar: ɗan kwangilar Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya, 'yan Najeriya uku, ɗan Kamaru ɗaya. Ƙasashe biyu sun daidaita a kan layi, ga wasu da ba su san da kotu ba sun harbe masu auna shi. Irin waɗannan su ne damuwar Tuboro.

Ba wata ƙasa da ke da'awar Tuboro. Ba wanda ke gardama a kan inda iyaka ta bi a Mbaibum. Abin da ke hana makiyayi barci a Mayo-Rey shi ne mutanen da ake kira zargina, masu tare hanya. Farfesa Saibu Isa na Jami'ar Marwa, wanda ya wallafa littafi a 2010 a kan tarihin fashin daji a ƙasashen Tafkin Cadi, ya nuna yadda tsohuwar sana'ar kwari da baka ta rikiɗe da zuwan bindigar yaƙi. Yaƙe-yaƙen Cadi na shekarun 1970 da 1980 sun malalo da makamai kudu. A shekarun 1990 an sallami dubban sojojin Cadi daga aiki ba tare da wata sana'a mai riƙe mutum ba. A lokacin ne kuma kasuwar Mbaibum ke kan ganiyarta, 'yan kasuwa daga Najeriya suna sauke kaya, na Bangi suna zuwa sari da tsabar kuɗi a jaka. Ga bindiga, ga wanda ya iya ta kuma ba shi da aiki, ga kuɗi na yawo a hanyar daji.

Gwamnati ta mayar da martani da ƙarfi. A 1999 ta kafa bataliya ta musamman, wadda a 2001 ta zama rundunar BIR, kuma yaƙi da masu tare hanya a arewa shi ne aikinta na farko. Motocin kasuwa suka koma tafiya da rakiyar soja. Hanya ta yi sauƙi, sai ɓarayin suka sauya salo, suka bar kwalta suka shiga ruga. A ɗauke ɗan makiyayi ko matarsa ko shi kansa, a tsallaka iyaka da shi, a aiko da saƙo. Mai garke ya kora shanunsa kasuwa ya karyar don haɗa kuɗin fansa, wanda ya tsira da saura ya kwashe iyali ya bar yankin. Daga baya abin ya kai ga manoman auduga da 'yan kasuwa, duk wanda aka san ya karɓi kuɗi. Fulani Mbororo sun fi kowa shan wannan wahala, kuma cikin masu ɗaukar ma akwai 'ya'yan makiyayan da suka rasa garkensu. Ko namun daji ba su tsira ba: a farkon 2012 mahara a kan dawakai, ɗauke da bindigogin yaƙi, waɗanda aka ce daga Sudan suka taso ta Cadi, suka shiga gandun dajin Buba Njida a nan Mayo-Rey suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure.

Sai Afirka ta Tsakiya ta fashe. A Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangi, Shugaba François Bozizé ya tsere zuwa Kamaru, rumbunan makaman gwamnati suka watse a hannun jama'a. A Mayun 2014 shugaban Cadi na lokacin, Idriss Déby, ya rufe iyakar Cadi da ƙasar. A 2015 ƙungiyar 3R ta Sidiki Abbas ta ɓulla a arewa maso yammacin ƙasar, dab da Kamaru, tana cewa kare Fulani take yi. Ranar 30 ga Mayun 2021 abin ya kusa zama yaƙin ƙasa da ƙasa a kusa da mahaɗar iyakokin uku: Cadi ta ce sojojin Afirka ta Tsakiya sun auka wa sansaninta na Suru sun kashe mata soja shida, biyar daga ciki bayan an kama su. Bangi ta ce 'yan tawaye take kora. Kwana biyu bayan haka tawagar ministocinta ta sauka Njamena, ɓangarorin biyu suka amince a nemi bincike na ƙasa da ƙasa. Manufar sulhu ta sake aiki, domin akwai gwamnati a kowane gefe, akwai wanda za a kira a waya. Uban da aka ɗauke wa yaro a bayan Tuboro ba shi da wanda zai kai ƙara Heg.

A nan ne batun rage makamai ya kamata ya shigo. A takarda Kamaru tana sahun gaba. Da shawararta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin dindindin mai ba da shawara kan tsaro a yankin tsakiyar Afirka a Mayun 1992. A Yawunde aka sa hannu a yarjejeniyar rashin kai wa juna hari ta ƙasashen yankin a Yulin 1996. Wannan kwamiti ne ya haifi Yarjejeniyar Kinshasa ta 30 ga Afrilun 2010 kan ƙananan makamai, wadda ta ƙunshi ƙasashe 11, har da ukun da suka haɗu a Mbaibum. Ta fara aiki a Maris 2017, kuma a Yawunde aka yi taron farko na ƙasashen da suka amince da ita a Yunin 2018, shekarar da Kamaru ta shiga yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya. A cikin gida akwai dokar makamai da harsasai ta 14 ga Disamban 2016. Takwararta a yamma, ga mai karatu a Kano, ita ce yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 2006.

Abin da Yarjejeniyar Kinshasa ta nema ba boyayye ba ne. A buga wa kowace bindiga lamba, a shigar da ita rajista, ta yadda in an kama ta a hannun ɗan fashi za a iya bin sawunta a gano rumbun da ta fito. A tsare rumbunan gwamnati. A hana miƙa makami ga ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba. Farar hula kada ya riƙe makamin yaƙi, ƙaramar bindiga ma sai da lasisi. Hukumomin kan iyaka su riƙa musayar labari. Batun lamba da rajista shi ne zuciyar al'amarin, domin mafi yawan bindigogin da ke daji da halas aka fara sayo su, daga baya aka sace, ko aka ƙwace a fagen fama, ko wani mai kaki ya sayar. Binciken da Tarayyar Afirka ta fitar tare da cibiyar Small Arms Survey a 2019 ya ƙiyasta ƙananan makamai kusan miliyan 40 a hannun farar hula a nahiyar, wato kusan kashi 80 cikin 100 na dukan waɗanda ke cikinta, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke da rajista.

Tazarar da ke tsakanin zauren taro na Yawunde da dajin Mayo-Rey tana bayyana a wuri ɗaya ƙarara. Ranar 30 ga Nuwamban 2018 Biya ya kafa kwamitin ƙasa na karɓar makamai da mayar da tsoffin mayaƙa cikin jama'a, ƙarƙashin Fai Yengo Francis, da cibiyoyi a Bamenda da Buya da Mora. An yi shi ne don 'yan Boko Haram da suka tuba da mayaƙan yankunan masu magana da Ingilishi. Ɗan fashin mahaɗar iyakoki ba ya cikin lissafin. Ba shi da tuta, ba shi da buƙatar siyasa da za a zauna a kanta, don haka ba ƙofar da aka buɗe masa ya ajiye bindiga, kuma in BIR ta matsa masa a nan, tafiyar dare ɗaya ce ta kai shi inda sojan Kamaru ba shi da izinin bin sa. Mazauna ƙauyuka kuwa sun kafa 'yan banga da bindigar gargajiya da kwari da baka, abin da ke kare su yau, yake kuma ƙara yawan makamin da za a nemi karɓa gobe.

Akwai motsi a tsallaken Mbere. Yarjejeniyar da gwamnatin Bangi ta sa wa hannu da ƙungiyoyi 14 ranar 6 ga Fabrairun 2019 ta wargaje kafin ta cika shekara biyu. A Afrilun 2025 kuma, da shiga tsakanin Cadi, 3R da wata ƙungiyar mai suna UPC suka sake sa hannu a Njamena cewa za su ajiye makamai. Labari ne mai daɗi, amma mutanen Tuboro suna da dalilin yin kaffa-kaffa, don sun ga abin da sallamar sojojin Cadi ta haifar a shekarun 1990. Mayaƙin da aka karɓi tsohuwar bindigarsa a gaban kyamara, ya ɓoye mai kyau a rami, aka sallame shi ba gona ba garke ba jari, ba zai daɗe bai nemi hanyar Mbaibum ba.

Abin da ya warware Bakassi bayan hukunci shi ne kwamitin da ya yi ta zama shekara da shekaru, da wakilai sanannu, da kuɗin aiki, da masu sa ido da ke zuwa ƙauye su gani da idonsu. Mahaɗar iyakokin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya ba ta samu irin wannan naci ba, alhali akwai misalai a kusa: Cadi da Sudan sun kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyakarsu a 2010, ƙasashen Tafkin Cadi sun farfaɗo da tasu a 2015 saboda Boko Haram. Abin da ya rage ga Yawunde da Njamena da Bangi shi ne su kafa zama na dindindin a kan wannan kusurwa, da izinin bin ɓarawo tsallaken iyaka, da rajistar makamai da ukun za su iya dubawa, su kuma zaunar da ardo-ardo da sarakunan kasuwa da fadar Rai Buba a teburin, tunda su ne suka san hanyoyin shanu da na ɓarayi. Tarayyar Afirka ta taɓa sa 2020 a matsayin shekarar da bindiga za ta yi shiru a nahiyar. Da shekarar ta zo ba a cimma ba, aka ɗaga wa'adin zuwa 2030.